Ni da Barsu, Daga Agege Zuwa Bakin Ruwa

Maigidan ya tafi Turai da iyali,
ya bar mini makullin ƙofa da kare.
Shekara shida ina gadi a Legas,
ruwan da ake ta faɗa ban gan shi ba,
sai wanda ke shigo mini ɗaki da damina
ya tafi da takalmina.

Ran Lahadi, bayan asuba, na sa wa Barsu igiya.
Yaron danfo ya dube shi, ya dube ni,
ya ce ko kuɗin kujera uku zan biya, ba hanya.
Mai keke ya yi dariya ya wuce.
To, shi ke nan. Ƙafa ba ta shan mai.

A Oke-Ira na san ashe garin nan yana da tudu.
Hanya ta miƙe tsaye kamar mai neman faɗa,
gwiwata tana ƙara, gumi ya cika ido,
silifas ya tsinke, na ɗaure shi da waya.
Barsu na gaba, harshe a waje,
yana waiwayo, yana jira, yana ja.
Ni ke riƙe da igiya,
amma Allah ya san mai jan wani.

Ojota. Tsaunin bola yana hayaƙi,
balbelu a kansa farare tas,
ban san da me suke wanki ba.

A gadar sama ya tirje.
Karen da ɓarayi ke tsoro
yana kyarma gaban matakala.
Na lallashe shi, na zage shi, na roƙe shi,
daga ƙarshe na saɓa shi a kafaɗa.
Zuciyarsa na bugun wuyana,
ƙasanmu motoci na gudu kamar ambaliya.
Sallau mai gyaran takalma, ɗan garinmu,
ya ɗago kai daga guduma:
"Bawa! Kare a wuya? Me ya yi zafi?"
Na ce kakana maharbi ne,
bai taɓa kai ruwa baki ba
sai karnukansa sun sha.
Ya ce, "Kai fa, me ka harbo?"
Ban da amsa. Numfashi ma da ƙyar.

Wata Iya a Ogudu, mai ruwan leda,
ta yanke gindin jarka ta zuba masa,
ta karɓi kuɗin nawa, ta ƙi karɓar nasa.
Na ɗaure shi a inuwar turken lantarki,
na wanke wuya da hannu, na sake riga,
na yi azahar. Bai yi haushi ba ko sau ɗaya.

Sai layi ya ƙare a Oworonshoki,
gidaje suka ja da baya,
ga shi nan.
Ba kamar tafkin kan dutsen garinmu ba,
wanda yaro ke jefa dutse ya tsallake shi.
Wannan ya kwanta har gindin sama,
doguwar gada tana tafiya a kansa da ƙafa dubu,
masu yashi suna nutso da bokiti,
kainuwa na yawo ba mai tambayarta takarda.

Barsu ya yi wa igiyar ruwa haushi.
Ta ja baya, ya ɗaga wutsiya.
Ta dawo, ya ɓuya bayan ƙafata.
A karo na uku na kwance shi.

Ya shiga har wuya, ya fito,
ya kakkaɓe a kan rigar sallata.
Na zauna, na tsoma ƙafa mai bororo,
muka raba burodi da ƙosai,
nasa ya fi nawa.

Rana ta karkata. Agege na can inda muka bar ta,
da tudu, da gada, da Sallau.
Makulli na sukar cinyata a aljihu.
Barsu ya aza haɓa a kan silifas ɗina, ya yi barci,
ni kuma, saboda sabo, ina gadinsa.